Tukunya biyu da na riƙa ɗorawa a Kebbe

Assalamu alaikum, Edita da masu karatu. A shekarun da zan ba da labari a kansu, ni matar aure ce mai 'ya'ya mata biyu ƙanana, ma'aikaciya a ofishin wata makaranta a Kebbe, inda aikina shi ne adana takardun ɗalibai da na malamai. Haifaffiyar Tambuwal ce ni, a can na yi karatuna, aure ne ya kai ni Kebbe, domin maigidana malamin makaranta ne da aka tura can. Mutum ce ni mai son kowane abu ya zauna a muhallinsa. Ban taɓa karɓar abin hannun kowa don in gyara masa takarda ba, ban taɓa barin aikin yau ya kwana ba, kuma har gobe ba na nadamar hakan. Amma tare da wannan ina da wani hali da ban gane shi ba sai da ya cutar da waɗanda na fi so a duniya: na ɗauka cewa gidan ma'aikaci yana da wani matsayi da bai kamata idon jama'a ya ga ya sauka daga kansa ba.

Ba wai ban san girkin mai ƙaramin ƙarfi ba ne, a kansa na girma. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta da rahama, takan turara tsakin gero da ganyen zogale, ta yanka albasa, ta barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli, ta ɗiga man gyaɗa kaɗan, sai ga dambun da za mu ci mu sha ruwa mu wuni muna wasa. Da damina takan aike mu bayan gari mu tsinko tafasa, ta dafa, ta zubar da ruwan farko, ta matse ta yi mana kwaɗo. Kan busasshen kifi guda da daddawa sun ishe ta ta kaɗa miyar kukar da maƙwabta za su ji ƙamshinta, da safe kuma ɗumamen tuwon dawa ya fi na daren daɗi. Ban tuna ranar da muka kwana da yunwa a gidan nan ba, ban kuma tuna ranar da na ji ta ce ba mu da shi ba. Duk wannan yana hannuna lokacin da na tafi Kebbe, sai dai na ajiye shi gefe a matsayin abin da na wuce.

A unguwar da muka kama haya ana yin ciyayya. Bayan sallar magariba magidantan layin kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan dattijon da muke haya a wurinsa, manomi ne mai yawan barkwanci, kowa ya fito da akushin gidansa, a jera, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Abin da ya rage a akushi ana mayar da shi cikin gida, rabon yara ne. Mu mata muna jin hirarsu ta bayan katanga, kuma kowace ta san cewa hannunta ne ake ɗanɗanawa a can. A shekarunmu na farko nakan fitar da shinkafa da miya, wani lokaci tuwon shinkafa da taushe, dattijon ya riƙa ɗaga murya don in ji, yana cewa a gaishe da 'yar Tambuwal, Allah ya ƙara wa hannu albarka. Ba zan ɓoye ba, yabon nan ya shige ni fiye da yadda ya kamata. Har yau idan na tuna sautin dariyarsu da ƙarar marfin akushi, da ƙamshin hayaƙin kara da ke tashi daga gidaje, sai in ji kewar wurin ta kama ni.

Sai wata shekara albashinmu ya maƙale, nawa da na maigida duka, tun kafin saukar ruwan farko har tsakiyar marka. Ban yafe wa waɗanda alhakin wannan ke wuyansu ba, domin mun yi aikinmu ba mu rage komai ba, su kuwa ba su ko ga ya dace su yi mana bayani ba. Wanda ya san Kebbe da marka ya san abin da nake nufi: rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, hanya ta lalace sai babur ke ratsa ta, kayan masarufi sun yi tsada. Mutanen garin sun saba da wannan lokaci, suna da hanyar bi da shi. Akusan ciyayya sukan canza gaba ɗaya, a koma kwaɗon rama da tafasa da faten tsaki, ba mai duban na wani, ba mai jin kunya, saboda kowa ya san kowa. Ni ce kaɗai na ƙi bin wannan tsari. Na ce a raina ba za a buɗe akushin Malam, maigidana, a gaban jama'a a tarar da ganye ba.

Daga nan na fara ɗora tukunya biyu. Ƙarama ta waje, shinkafa ce da mai, wani lokaci har da 'yar tsokar nama. Babba ta cikin gida, kunun gero ne tsararo, ko tuwo gaya ba miya. Don in ci gaba da hakan na riƙa fitar da tasoshin aurena ina sayarwa duk lokacin da na je ganin gida a Tambuwal, in dawo da shinkafa a ƙulle. Maigidana ya ɗauka yayana ne ke taimaka mana, ni kuma ban gyara masa zato ba. Ni da nake ƙin ƙarya kamar me, na lallashi kaina da cewa ai ban furta komai da bakina ba. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, abin da nake kashewa a kan akushi guda na shinkafa ya isa in sayi wake da ƙuli-ƙuli da tsakin da zai ƙosar da gidan duka. Na san haka sarai, amma na rufe idona.

Na tsara abin ta yadda ba zai gani ba. Ina ba yara nasu kafin ya dawo daga masallaci, shi kuma daga wurin ciyayya sai sallar isha'i, kafin ya shigo sun kwanta. Akusan sauran gidaje suna komawa da ragowa, nawa kuwa, da yake shi ne mai maiƙo a cikinsu, fes yake dawowa. Babbar 'yata takan tashi da sassafe ta nemi akushin ta bi gefensa da yatsa. Wata rana ƙaramar ta tambaye ni, cikin natsuwa irin ta yara, wai shinkafa abincin maza ce kawai, kuma in ta girma za a bar ta ta zauna a tabarmar su Baba. Maimakon in rungume ta sai na daka mata tsawa, na ce ba a son yarinya mai kwaɗayi. Wannan tsawa tana cikin abubuwan da nake roƙon Allah ya yafe mini.

Ruwan sama ne ya tona asirina. Ranar itace ya jiƙe, girki ya makara, har Malam ya ɗauki akushinsa ya fita ban ba yaran nasu ba. Ko buɗe akusa ba a yi ba sai hadari ya kece da ruwa, kowa ya suri nasa ya nufi gida. Ya shigo a jiƙe sharkaf, ya tarar da su biyu sun sa ƙwaryar kunu a tsakiya, kunun da idan ka ɗebo a ludayi kana hango gindinsa. Yaran ba su dube shi ba, akushin da ke hannunsa suka zuba wa ido. Ya dube su, sannan ya durƙusa ya buɗe akushin a gabansu, ya ce su yi bismillah, shi kuma ya jawo ƙwaryar ya sha kunun har ya ƙare. Bayan ya gama ya kira ni Malama, sunan da ba ya kirana da shi sai ransa ya ɓaci, ya tambaye ni tun yaushe.

Ban ba shi haƙuri nan take ba. Na tsaya na yi masa dogon jawabi a kan mutunci, na ce darajarsa nake karewa, na ce mutanen da yake koyar da 'ya'yansu ba za su ga gazawarsa ba muddin ina raye. Ya bari na kai aya, sannan ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya ce tun shigowar marka abokan ciyayya suka raɗa masa suna Ɗanmajalisa, in ya iso sai wani ya ce a matsa wa mai girma ya zauna, kada rigarsa ta taɓa ganye. Ya ce maƙwabcinmu na dama, mai yin ƙwadago a gonakin mutane, ya daina fitowa gaba ɗaya, saboda matarsa ta ce ba za ta ƙara aika kwaɗon rama a ajiye shi kusa da shinkafar ma'aikata ba. Ya ce ya daɗe yana cin abincin nan da nauyin zuciya, ya yi shiru ne kawai don kada ya zama mai raina kyautar surukinsa. Sannan ya ce shi dai bai ga mutuncin da na tsare masa ba, abin da ya gani shi ne ya yi watanni yana rarraba wa ƙattin unguwa abincin 'ya'yansa. Daga gobe, in ji shi, tukunya ɗaya za a ɗora a gidan nan, ko da ruwan zafi ne a cikinta.

Washegari na tsinko zogale a bayan gida, na sayo tsaki da ƙuli-ƙuli da albasa, na ɗora madambaci. Na yi zaton na manta, ashe hannuna bai manta ba. Da tururin ya tashi sai na ji kamar ina tsakar gidanmu na Tambuwal, mahaifiyata na gefen murhu tana ce mini in rage wuta, na zauna na yi kuka mai isata. Na fara zuba wa yara, suka ci har suka bari, sannan na cika akushi. Da Malam ya fita na je na laɓe jikin katanga. Aka buɗe akushin. Sai na ji dattijon ya ce alhamdu lillahi, yau Ɗanmajalisa ya sauka daga mota ya shigo Kebbe da ƙafarsa. Wani ya ce a tambayi 'yar Tambuwal, tunda ta iya wannan, laifin me suka yi mata take horar da su da shinkafar da kafin a yi isha'i ta bar cikin mutum. Suka bushe da dariya, har da Malam, wanda na daɗe ban ji dariyarsa a wurin ba. Bayan 'yan kwanaki maƙwabcin ya dawo da akushinsa.

Sai dai gyaran ya zo a makare. Kafin marka ta fita zazzaɓi ya kama ƙaramar 'yata, kuma ya same ta ba ƙarfin da za ta yi tsayayya da shi. Yaran maƙwabta, 'ya'yan masu kwaɗon rama, suka yi nasu suka tashi cikin 'yan kwanaki, tawa kuwa ta kwanta ta yi fari fat, ko zama ba ta iya yi. Da muka kai ta asibiti, ma'aikaciyar jinya ta duba idonta da tafin hannunta ta ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ta tambaye ni me yarinyar take ci a gida. Allah ya tashi kafaɗunta, amma sai da aka yi girbi kafin ta koma gudu da tsalle, kuma faten wake da zogale da kunun gyaɗa ne suka mayar mata da jiki, abincin da ke hannuna tun farko na hana ta. Yau ta girma tana karatu, ƙaramin jiki gare ta ba kamar yayarta ba. Mutane suna cewa halitta ce, wataƙila kuma haka ne, amma ni ban taɓa dubanta ban tambayi kaina ba.

Mun daɗe da dawowa Tambuwal. Dattijon nan ya rasu, na kuma ji an ce ciyayyar layin ta watse, kowa ya koma cin nasa a ɗaka. Duk da abin da ya faru, idan aka tambaye ni lokacin da na fi jin daɗin zaman aure, sai in ce watannin da suka biyo bayan daren ruwan nan, muna cin dambu da hoce, wainar dawa irin ta wajenmu, da miyar kuka, ba abin da nake ɓoye wa mijina, ba abin da gidana ke ɓoye wa unguwa.

Na rubuto ne saboda rayuwa ta sake yin tsada, kuma ina ganin 'yan'uwana mata, musamman ma'aikata irina, suna maimaita abin da na yi ta wasu hanyoyi: a ƙawata abin da baƙo zai gani, a ƙuntata wa na cikin gida. Abinci mai araha ba abin kunya ba ne, iyayenmu da shi suka raine mu, kuma wake da ganye da gyaɗa sun fi shinkafar nuna isa amfani a jikin yaro. Mutanen da kike tsoron bakinsu sun fi ki sanin halin da ake ciki, za su yi dariyarsu su wuce, yaron da kika rage wa abinci kuwa jikinsa ba ya mantawa. Ku ɗora tukunya ɗaya, ku fara zuba wa 'ya'yanku. Abin da ya isa ya shiga cikinsu ya isa a fita da shi ƙofar gida.

Wassalam, daga wata mai karatunku a Tambuwal.