Ranar da Kaka Ta Tuhumi Ɗanta na Fari

Ƙarfe huɗu da rabi na wata Asabar ta damina wasan ya fara cakuɗe mini. Muna falon gidanmu na Malali, ruwa na dukan kwano, an ɗauke wuta. Har yau in na ji warin tsohon kwali da ya sha danshi, can nake komawa.

Baba ne ya sayo mana wasan. Zanen wani babban gida ne da aka kashe maigidansa. Kowa zai ɗauki mutum guda cikin waɗanda ake zargi, a ɓoye katin mai laifin a ambulan, a yi ta tambayar juna har a gano shi, da makaminsa, da ɗakin. Ni ba mai magana ba ce, amma kati ba ya wuce ni. A daidai wannan lokacin na gane mutumin Baba ne ya yi kisan, shi kansa bai sani ba.

Dokar wasan ita ce ka dubi mutum ka ce kai ne. Yaya zan dubi mahaifina, gaban ƙannensa, in kira shi mai kisa? Layi ya zo kaina, na yi shiru. Yayana ya fara dariya, wai kullum sai karatu amma kan babu komai.

Kaka na gefe tana ɓare gyaɗa. Baba ne ɗanta na fari. Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ko magana sai dai ta aika. Ta ce, "Zo nan, ƙawata, raɗa mini." Na raɗa mata.

Sai ta ɗago, ta dubi Baba ido da ido.

"Kai ne. Da igiya. A ɗakin girki."

Baba ya buɗe ambulan, ya duba, ya sunkuyar da kai yana murmushi kamar yaro.

Yanzu ƙannena a waya suke irin wannan wasan, kowa shi kaɗai, ba wanda zai duba. Sai da na shiga jami'a na iya tambayar Kaka yadda ta keta kunyar da ta riƙe tun kafin a haife ni.

Ta ce, "Tawa ta tsufa, ba abin da za ta ƙara hana ni. Taki na ji wa tsoro, kada ta saba cinye miki gaskiya a baki."