Mayen Ƙarfen Baba

Baba tela ne a kasuwar Guci. Yana da wani mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar rediyo, ya ɗaura masa igiya. In kasuwa ta watse sai ya ja shi cikin yashin rumfa, alluran da suka zube duk su manne.

Ƙanena, wanda karatu ya kai ƙasar waje, ya taɓa aiko mana da bidiyo ta waya: wasu 'yan na'urori da suka fi ƙwayar garin tuwo ƙanƙanta. Ya ce za a zuba su cikin jini, a ja su da mayen ƙarfe daga waje har inda jijiya ta toshe, su buɗe ta. Baba ya yi dariya har da tari. "Kai, ja'iri! Aikina ka je koyo a can?" Ranar duk wanda ya kawo ɗinki sai da ya kalla.

Bayan damina biyu tansiyo, wato hawan jini, ta kayar da Baba. A likitar Magaria aka ce jini ne ya daskare a kansa. Muka dawo da shi gida, ɓarin dama a mace, baki ba magana.

Innarmu ta ɗauko mayen ƙarfen nan. Kullum da safe tana goga masa daga goshi zuwa ƙeya, a hankali, wai kafin yaro ya kawo nasa. Baba kuwa idonsa na ƙofa.

Na kira ƙanena, raina a ɓace. "Ubanka na kwance, kana can kana wasa da kwalabe? Ka kawo abin nan!"

"Yaya, wallahi ko kan mutum ɗaya ba mu gwada ba. A kan ɓeraye muke. Sai nan da shekaru."

Na wanke shi tas, na kashe waya. Na shiga ɗaki na ce wa Baba, "Ya ce yana hanya da shi." Sau huɗu na faɗa masa haka, duk ya yarda. Har yau abin na ci mini rai.

Kwana uku da binne Baba ƙanena ya iso. Ya durƙusa gaban Inna, ya kasa ɗaga kai. Ta kwance bakin zanenta, ta ɗora masa mayen ƙarfen a tafin hannu, da allura biyu manne a jiki.

"Na yi ta gogawa," ta ce. "Ko ni ce ban iya ba?"