Mai Bin Baya

Akwai tatsuniyar da rabona da tunawa da ita shekara talatin, sai da ta zo ta shaƙe ni a Dir'iyya, wajen Riyad, ina tsaye da hular kwano a kaina.

Kakarmu Iya Kande ce ta ba mu ita a ƙauyenmu na wajen Kazaure. In an ci tuwo, takan zauna bakin murhu tana ɓarar gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta muna satar ta ɗaiɗai. Ta yi kamar ba ta gani. Sai ta ce, "Ku matso, ga ta nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi ba na maimaita masa."

Wai wani manomi ne mai suna Tanko, duk damina yakan kira gayya. Makaɗi na gaba yana zuga samarin da suka fi sauri, su kuwa sai gudu suke da garma. Can baya akwai wani tsoho, Bawa, kullum shi ne na ƙarshe, yana tafe yana duƙawa. Tanko ya ce wannan fura kawai yake zuwa sha, ya hana a sake kiransa. A wannan shekarar ciyawa ta cinye gonar. Ashe samarin kan ciyawa kawai suke sarewa, su tattake shuka su wuce, Bawa ne ke bin bayansu yana tumɓuke saiwa, yana tayar da geron da aka kwantar. Da Tanko ya je biko, ya tarar Bawa ya bar garin.

Na tuna har hawaye na yi. Na ce wallahi in ni ne Tanko, Bawa zan fara ba wa fura. Iya ta dungure mini kai ta ce, "Ji mijin nan nawa da cika baki! Allah ya ba ka gonar, za mu gani."

To, Allah ya ba ni. Shekarata tara a Riyad aka ɗora ni murakib, mai kula da mutum goma sha biyu masu shimfiɗa tayil. Kaina ya kumbura. Na kafa allo ina rubuta yawan abin da kowa ya shimfiɗa, na sama in yaba masa gaban jama'a, ina ihun "Yalla! Yalla!" kamar ni na gina garin. Kullum sunan da ke ƙasa na Baba Isuhu ne, wani dattijo mutumin Maraɗi. Sai in gan shi a baya da guntun icce yana ƙwanƙwasa tayil, yana kasa kunne. Wata rana na ce masa, kowa na ji, "Baba, kiɗa aka kawo ka yi ko aiki?" Aka kwashe da dariya. Ya dube ni ya ci gaba da aikinsa.

Da mudir, shugaban wurin, ya ce za a rage mutum ɗaya, ba za a sabunta masa iƙama, wato takardar zama, ba, ko numfashi ban ja ba na ba da sunansa. Na san damina ɗaya yake roƙo ya ƙara don ya rufa ɗakin da yake gina wa iyalinsa. Na sani sarai.

Sati biyu da tsayar da shi, injiniya ya zo duba sabon falon da muka gama. Ya ɗauki ƙarfe yana bugun tayil ɗaya bayan ɗaya, suna amsawa fayau, alamar babu siminti sosai a ƙarƙashi. Ya ce a fasa rabin falon. Ina cikin zazzaga wa mutanena masifa, Sabi'u, wanda kullum shi ne na ɗaya a allona, ya ce, "Oga, ai da ma haka muke yi. Baba ne ke bi yana ɗaga marasa kyau ya sake zaunar da su. Shi ya sa nasa ba ya yawa."

Wallahi ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na ruga wurin mudir, ya ce halas, zance ya ƙare, takardar fita ta riga ta fito.

Ranar Juma'a na je unguwar Manfuha, ɗakin da suke kwana su shida. Na tarar yana ɗaure kaya da igiya. Na durƙusa na ce, "Baba, na zalunce ka. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Ɗana, in na faɗa, yaran nan za ka kora, su kuwa yanzu suka zo. Kuma ai ba ka tambaya ba." Ya zaro iccen nan daga jakarsa ya miƙo mini. "Riƙe. A can gida ba mu da tayil."

Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Na sauke allon washegari. Na daɗe ina zaton Iya labarin wani mugu ta ba mu, sai yanzu na gane Tanko ba mugu ba ne, gaba kawai yake kallo, inda ganga take. Yanzu ni ke bin baya da iccen Baba Isuhu, ina duƙawa ina ƙwanƙwasawa, sababbin ma'aikata na yi mini dariya a ɓoye. Ba na hana su. Iya ta ce za mu gani, ta rasu ba ta gani ba, kuma Allah ya yafe mini, a kan wannan kaɗai nake godiya.