Muryar ango a kan faifai

Shekara goma sha biyu Mannir yana shagonsa a Gusau, yana yanka dogon sauti kashi-kashi yana ɗorawa a faifai. Tafsiri ko kiɗan biki, duk ɗaya ne wurinsa: ya saurara, ya rubuta minti a takarda, ya yanka.

Ran Talata Inna Zuwaira ta kawo sautin walimar auren ɗanta, marigayi Bashar, daga Tsafe. Ta ce a ware muryar kowa daban.

Duk wanda ya yi magana a cikin sautin sai ta ce, “Allah ya jiƙan wannan.” Mannir ya rubuta lamba, ko ɗagowa bai yi ba.

A kashi na tara ango ya fashe da dariya, Inna ta yi shiru.

“Inna, in yanka nan?”

Ta ce, “Bar shi ya gama.”