Yadda tseren ranar Lahadi ya cinye motar da nake koyarwa da ita

Shekara huɗu da suka wuce ni malamin koyar da tuƙi ne a Magariya, ina da shekara talatin da ɗaya, da mata da ƴaƴa biyu, kuma duk garin an san ni da sanyin ƙafa a kan totur. Har tsokanata direbobin tasha suke yi, wai idan na taso daga kasuwa amalanken shanu sai ya riga ni isa gida. Oto-ekol ɗin namu, wato makarantar koyon tuƙin, ƙarami ne, ɗaki ɗaya da allo da benci uku, sai mota ɗaya tak, wata ƴar fara ta hannu da aka sa wa birki da ambiryaj, wato kuloci, na biyu a gefen malami. Motar ba tawa ba ce ni kaɗai. Yayata da ke aure a Mallawa, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ita ta sayar da shanunta biyu ta cika mini kuɗin, muka shirya a kan ni ne da aiki, abin da aka samu mu raba. Na rubuto muku ne saboda abin da na yi da motar nan ya daɗe yana cina, kuma abin da ya fi ba ni kunya shi ne har yau idan na tuna farkonsa sai in ji jikina yana tsuma don daɗi.

Akwai wani fako mai faɗi a bayan gari inda nake kai ɗalibai, na jera tsofaffin tayoyi da jarkoki ina koya musu kwana da ja da baya. Wata ranar Lahadi da la'asar ina tattara kayan sai ga wani tsohon ɗalibina, ɗan kasuwa mai shigo da kaya daga tsallaken iyaka, ya zo da motarsa. Ya nuna mini wani bidiyo a waya. Mutane ne a wani fili sun jera alamomi kamar nawa, mota ɗaya take shiga ita kaɗai, ta bi ta tsakaninsu iya gudunta, ana riƙe mata agogo. Babu gogayya kafaɗa da kafaɗa, kai da lokaci ne kawai. Ya roƙe ni in bar tayoyin ya gwada, na riƙe masa wayar. Ya yi sakan hamsin da takwas, ya ture jarka uku. Na yi dariya na ce masa yana taka birki ne bayan ya riga ya shiga kwana, alhali kafin ya shiga ake takawa. Sai ya ce to malam ya tashi ya nuna a aikace, tunda baki kowa yana da shi.

Na kwance allon oto-ekol daga saman motar na jingina shi da bishiya, na ɗaura bel. Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Shekara bakwai ina zaune a gefen masu tsoro ina cewa a hankali, a hankali, sai ga shi yau babu wanda zan lallaɓa. Na saki ambiryaj motar ta zabura, jarkar farko ta taho kamar an jefo mini ita, na karya sitiyari dama, na karya hagu, bayan motar ya ɗan zame na kamo shi, na ji ashe hannuna ya san abubuwan da ni kaina ban san ya sani ba. Da na tsaya, abokin nan ya taho a guje yana ɗaga wayar sama. Sakan hamsin da ɗaya, kuma ko jarka ɗaya ban taɓa ba. Ranar sai da muka yi zagaye goma-goma, kiran sallar magariba ne ya tashe mu.

Kafin wata biyu abin ya zama taro. Motoci tara, wata rana goma, daga Dungas, daga cikin gari, har da masu tsallako iyaka. Mai shayi ya kafa teburinsa, mai tsire ya biyo shi. Muka yi dokoki kamar mutanen kirki: mota ɗaya a fili, kowa da bel, ƴan kallo a bayan igiya, wanda ya ture alama a ƙara masa sakan biyu. Ni nake tsara hanyar kowane mako, in sa wata kwana mai tsanani inda ba a zata ba, sannan mu bi ta da ƙafa gaba ɗaya muna gardamar inda ya kamata a canza giya. Na koyi juya mota da birkin hannu a wuri ɗaya. Na koyi rage iskar taya don ta kama ƙasa. Tun daga Laraba nake fara zana kwanoni a bayan littafin koyarwa, ranar Asabar kuwa abinci ma ba ya shiga sosai. Mutumin da ake yi wa dariya a tasha ya zama wanda idan ya shiga mota ƴan kallo suke miƙewa tsaye. Abokin hamayyata shi ne dai wancan ɗan kasuwa, ya ci wannan mako in ci na gaba, tsakaninmu bai wuce rabin sakan ba.

Na ɗauka wasan ba shi da tsada, tunda duka-duka minti ɗaya ne zagayen. Motar ce ta fara gaya mini gaskiya. Tayoyin gaba da suke yi mini shekara da rabi suka siɗe a mako shida. Birki ya fara kuka. Amotisar ɗin dama, mai rage wa mota jijjiga, ta fara zubar da mai, motar tana tafiya a karkace kamar mai ciwon ƙugu. Esansin, wato fetur, da ke isata kwana uku ina koyarwa, yini ɗaya yake ƙarewa a fakon. Sau ɗaya na ci rago a gasar, na shigo da shi gida ana murna, da na sayar da shi kuɗin bai kai na taya biyu ba. Su sauran abokan wasan ƴan kasuwa ne, idan motarsu ta kwanta suna da wata, ko su hau babur su tafi harkarsu. Ni kuwa ranar Litinin da ƙarfe takwas akwai mutane a kan benci suna jiran wannan motar.

Makanikena dattijo ne da ya san motar tun ranar da ta zo. Ya durƙusa ya shafa tayar, ya ce ɗan koyo ba ya cinye taya ta gefe haka, kuma ba sai na gaya masa inda nake zuwa ba, duk garin an sani. Ya ce ambiryaj ɗin bai fi wata ɗaya ya rage masa ba, in canza shi yanzu in kuma bar motar ta huta da wannan wahala. Na ce to. Kuɗin da na ware don ambiryaj ɗin sai na saya sababbin tayoyi da su, saboda an sa ranar babbar gasa bayan girbi.

Nan ne na shiga abin da ya fi lalata motar muni. Yayata takan zo ƙarshen wata, ta ga abin da nake ba ta yana raguwa, ta tambaya. Na ce mata ɗaliban bana ne masu nauyin ƙafa, sun kashe mini mota. Ta tausaya mini har ta ce in riƙe rabonta na watan in yi gyara. Da na faɗi ƙaryar sau biyu sau uku sai na fara yi wa ɗaliban faɗa da gaske, kamar ni ma na yarda. Wanda ya fi shan wannan faɗa wani dattijo ne daga Sassumbrum, manomi mai kiwo, ya haura shekara hamsin. Ƙungiyar manoman garinsu ta samu motar ɗaukar kaya, suka ce idan ya samo permi, wato lasisin tuƙi, shi za su ba tuƙin. Sau biyu a mako yake zuwa a kan babur, bai taɓa makara ba. Wata rana yana tuƙi ambiryaj ya zame, injin ya yi ƙara motar ba ta ja ba. Na daka masa tsawa a gaban sauran, na ce ƙafarsa ce take kwana a kan feda, shi ne zai ƙarasa mini mota. Mutumin da ya kusa haifata ya sunkuyar da kai yana ba ni haƙuri. Zuwansa na gaba ya kawo mini zabi biyu da kwalbar man shanu, wai in rage asara. Na karɓa.

Babbar gasar ta faɗo ranar Lahadi, jarrabawar permi kuma ranar Talata, ranar da mai jarrabawa zai zo daga Damagaram. Na san haɗarin, na ce zagaye uku ne kawai. Motoci goma sha huɗu suka zo, jama'a har kan rassan bishiya. Abokin hamayyata ya yi arba'in da bakwai da ɗigo uku a zagayensa na ƙarshe, fili ya ɗauki ihu. Ni ne na rufe. Na tayar da injin har sitiyari yana kakkarwa a hannuna, aka sauke tuta na saki ƙafa gaba ɗaya. Jarkoki shida na farko na ratsa su ban ɗaga ƙafa ba. A babbar kwana na ja birkin hannu, motar ta juya a kan hancinta, na ga fuskokin mutane sun wuce ta gilashi kamar an ja zare, na danna giya ta biyu tun ba ta gama miƙewa ba. Tayar baya ta shafi wata jarka, ta yi rawa, ta yi rawa, ta zauna. Da na keta layi ban ji lokacin da aka faɗa ba saboda ihu, sai da aka kawo mini wayar har fuska: arba'in da shida da ɗigo takwas. Aka fizgo ni daga mota aka ɗaga ni sama. Ina can sama ina dariya nake jin ƙaurin ambiryaj yana tashi, na ce a raina gobe ma rana ce.

Gobe ta zo, kayan ambiryaj ɗin babu a gari, sai an aiko daga nesa, kwana biyu a ƙalla. Makanike ya ɗan ɗaure abin da zai ɗauru, ya ce shi bai ɗauki alkawarin komai ba. Ranar Talata mutum goma sha ɗaya suka hallara cikin kayansu masu kyau. Na farko ya wuce, ta biyu ta wuce da ƙyar. Na uku shi ne dattijon Sassumbrum. Ya gyara madubi yadda na koya masa, ya yi bisimilla, ya sa giya. Injin ya yi ta kuka, motar ta matsa kamar taku biyu ta tsaya, hayaƙi ya fito ta ƙarƙashi. Mai jarrabawa ya sauko, ya zagaya motar, ya duba tayoyi da man da ke ɗiga, ya rufe takardunsa. Ya ce ba zai ƙara sa kowa a cikin wannan motar ba, sauran sai zuwansa na gaba, kuma sai an duba lafiyarta tukuna.

Dattijon ya fito ya cire hularsa a gaban kowa, ya ce: "Malam, ka yafe mini. Ka faɗa mini tun tuni, ga shi na ƙarasa ta, na kuma cuci mutanen nan."

Ina so in ce muku nan take na faɗi gaskiya, amma ban faɗa ba. Wata malamar asibiti cikin masu jiran jarrabawar ce ta ce masa baba ya mayar da hularsa, ta ciro waya ta nuna masa bidiyon shekaranjiya, ga motar tana juyi, ga ni a sama ana ɗaga ni. Ya kalla har ƙarshe. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Da aka buɗe motar, ba ambiryaj kaɗai ba ne, akwatin giya ma ya taɓu, ƙafafun gaba duka sai an canza. Yayata ta zo washegari. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in nuna mata bidiyon, ta kalla sau biyu, ta ce ashe haka na iya tuƙi, ita ba ta sani ba. Sannan ta tambaye ni ko zabin bawan Allahn nan sun yi daɗi, domin labarin ya riga ya kai mata. Ta karɓi makullin ta sa a jakarta. Wata huɗu makarantar tana rufe, ina tuƙa motar haya ta wani tsakanin Magariya da Dungas ina haɗa kuɗin gyara da na ɗaliban da suka ce a mayar musu da nasu. Ƙungiyar manoman ba ta iya jira ba, ta ba wani tuƙin.

Na je Sassumbrum neman gafara, na same shi a bakin rijiya yana shayar da shanu. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini fura. Ya ce maganar mota da ta aiki duk ya yafe, rabo ne bai yi ba. Abin da ya tsaya masa shi ne mako uku da ya yi yana zargin kansa, yana ganin tsufa ne ya hana shi koyon abin da yara suke koya, har ya fara tunanin gaya wa mutanen garinsu su nemi wani. Na ce ya dawo in koya masa kyauta har ya samu permi. Ya yi murmushi ya ce zai duba. Bai dawo ba.

Ba zan ce muku wasan nan ba shi da daɗi ba, ƙarya zan yi, kuma na gaji da ita. Amma na gane minti ɗayan da ake yi a fili, sauran kwana shida na mako ne suke biyansa, kuma sau da yawa ba mai tuƙin ne yake biya ba. Duk wanda zuciyarsa ta ja shi, ya fara tambayar kansa motar ta wace ce, su wa suke ci daga jikinta, kuma idan ta kwanta gobe wa zai rasa hanyarsa. Idan makanike ya ce a tsaya, a tsaya. In kuwa ɓarna ta riga ta faru, mutum ya ɗauki abinsa da kansa, kada ya nemi wanda ya fi shi kunya da ladabi ya ɗora masa. Motar an gyara ta, yau ma na koyar da mutum biyar a cikinta. Dattijon nan kuwa har yanzu a kan babur yake zuwa kasuwar Magariya, idan muka haɗu shi yake fara gaishe ni, yana kirana malam.