Yaran da suka ɓace a rajistata

Shekarun baya, ina fitowa daga makarantar koyon aikin lafiya, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye wajen Garu, cikin ƙasar Illela. Aikin farko da aka ba ni shi ne in bi gida-gida in rubuta yawan yara da haihuwar da aka yi, domin da wannan ƙidayar ake ware mana allurar riga-kafi. Na rungumi rajista ina ji da kaina, gani nake duk Illela babu wanda ya kai ni.

Duk gidan da na shiga tambayata ɗaya ce, 'ya'yanki nawa? A faɗa, in rubuta, in yi gaba. Cikin mako biyu na gama na aika, na zauna jiran yabo.

Yabon bai zo ba. Shugabana ya kira ni ya ce na sama sun duba, sun ga yaranmu ba su kai a riƙa kawo mana allura ba, za a mayar da riga-kafin cikin gari. Ke nan mata su goya yara su yi wannan doguwar tafiya, ga damina ta kawo kai. Na san da yawa ba za su je ba. Hankalina ya tashi ƙwarai, don hannuna ne ya rubuta takardar.

Ranar Juma'a na je gida ina ta mita, ƙauye cike da yara amma takarda ta ce babu. Mahaifiyata tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Mi kinka tambaye su?"

Na faɗa mata.

"Karatun banza. Wa ka ƙidayar ɗan fari? Ni in anka tambaye ni, huɗu nika cewa."

Mu biyar ta haifa, ni ce babba. Tun tasowata ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari, amma da na riƙe biro sai na manta da abin da na girma a ciki. Yawancin matan da na tambaya matasa ne, kowace ta tsallake na farinta, ga shi gaban surukai nake tambayar. Wasu ma sun je haihuwar fari gidan iyayensu a Ƙonni, tsallaken iyaka, suka dawo da goyo ba wanda ya rubuta.

Na roƙi shugabana ya ba ni mako guda. Wannan karon ko kallon iyayen ban yi ba, kakanni na nufa. Kaka kuwa ba ta kunyar jika. Wata tsohuwa ta jawo wani mai rarrafe ta ce in fara rubuta mijinta, ko da yake rago ne, bai taɓa kawo cefane ba. Na rubuta har biro ya ƙare na ari wani.

Aka turo mai dubawa ya bi gidajen da kansa. Bayan kwanaki akwatin allura ya iso, kuma har yau a ƙauyen ake riga-kafi. Ranar da akwatin ya iso sai da na shiga ɗaki na yi 'yar rawa ni kaɗai.

Tun daga nan, kafin in yi tambaya sai na fara tunanin bakin wa zai iya amsa ta.

Da na kai wa mahaifiyata labari, ina zaune gabanta, sai ta juya wurin ƙanwata.

"Ce ma waccan ta yi ƙoƙari."