Karan awon Baba

A gidanmu na Kusfa, in Inna ta ce awo, hatsi take nufi, mudu da tiya. Yayana tela ne, nasa awon da tef yake yi. Na Baba kuwa ba mai son jin labarinsa. Shi ke auna mamatan unguwa: ya ɗauki karan dawa, ya shimfiɗa gefen gawa, ya karya daidai tsawonta, ya aika wa masu haƙa kabari. Kullum sai ya ƙara yatsu huɗu. "Mai awo ba ya ƙwauro," in ji shi, "kada a matse bawan Allah."

Ni kuwa matsoraci ne, ba na ɓoyewa. Da matata da 'ya'yana biyu, amma ko makara na hango sai in sake hanya.

Wata Laraba na dawo daga ofis da azahar, na tarar da shi miƙe a kan tabarma cikin zaure, kara a gefensa, yana lalubo saitin kansa da hannu. Ƙas! Ya karya.

"Innalillahi! Baba, mene ne haka?"

"Awo," ya ce, ko a jikinsa. "Likita ya yi nasa, ya gaya mini abin da ya gani. Na san halinka, ranar ba za ka iya ba. Ga shi na hutar da kai."

Na zauna gefensa, na tsare shi da tambaya. Ashe wata uku yana zirga-zirgar asibiti, mu muna nan kamar tumaki, ba wanda ya sani! Haushi ya kama ni, amma kunya ta fi. Baba ya soke karan tsakanin azarar zaure, na riƙa wucewa ta ƙarƙashinsa kai a sunkuye.

Bayan Sallar Layya ya cika, da hantsi. Masu haƙa suka aiko a ba su awo. Na zaro karan, da ƙyar na shiga ɗakin da aka shimfiɗe shi, na ajiye shi gefensa don in tabbatar.

Daidai cif. Daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ko ƙwayar gero babu ƙari. Mutumin da ya yi wa unguwa kaf yatsu huɗu, ya hana kansa!

Na fita, na zaro sabon kara a jikin danga, na dawo na durƙusa. Na dafa kan Baba, na jera yatsuna huɗu, sannan na karya.